Goshin Mai Burodi

A bencin ƙofar ɗakin haihuwa, wani mai gasa burodi, da fulawa har a girarsa, yana ta mita. Kusa da shi wani dattijo ne mai gyaran wuta.

"Baba, ka ga rashin adalci? Nas ɗin nan ko taɓa ni ba ta yi ba. Ta saita min wata 'yar na'ura a goshi, wai zazzaɓi gare ni. Matata ta haihu, an hana ni shiga!"

"Daga ina kake?"

"Daga bakin tanda. Ana kirana na taho a guje."

"To zafin tanda ne a fatarka. Zauna ka huce, a sake gwadawa. Ina da irinta, da ita nake gano wayar wutar da ta ɗau zafi."

"Ba tare da ta taɓa ba?"

"Kai taɓa tanda kake kafin ka san ta yi?"

"Haba! Bayan hannu nake miƙawa daga nesa, in ji."

"Abin da hannunka ke ji, wani haske ne da ido ba ya gani. Duk abu mai ɗumi yana fitar da shi. Na'urar ta tara shi, ta mayar da shi lamba."

Mai burodi ya jujjuya hannunsa.

"Ikon Allah! Yanzu ni ma haske nake yi?"

"Kai, ni, har bencin nan."

"Har jaririyar?"

"Har ita."

Mai burodi ya daɗe yana kallon ƙofar.

"Shekara tara muna jiranta, Baba. Ashe da fitilarta ta zo."