Ranar da Na Ƙi Ba da Makullin Mota

Salamar Ubangijinmu Yesu Almasihu ta kasance tare da ku duka. Ku yabi Ubangiji!

Mata 'yan'uwana, kun san ni. Ni ce Rahila, Maman Alheri, malamar firamare a nan Bagudo. Wasunku sun fi sanina da sunan da aka laƙa mini a unguwa, wato Mai Zagaye. Ku yi dariyarku, na yafe, har ke Maman Dauda da kike sunkuyar da kai. Yau na miƙe ne in gaya muku inda sunan nan ya samo asali, da yadda Allah ya fisshe ni daga tsoron da ya ɗaure ni, ya kusa cutar da ɗiyata.

Kun san yadda mijina Ishaya ya rasu. Ya tafi kasuwar bakin iyakar Benin, ya bar motarsa a gida saboda tsadar mai, ya shiga ta haya. A hanyar dawowa tayar gaba ta fashe, mota ta wuntsila. Bai kai asibiti da rai ba.

Amma akwai abin da ban taɓa faɗa muku ba. Muna cikin zaman makoki wata mata 'yar Bahindi ta zo gaisuwa, hannunta a ɗaure. Tana cikin motar. Ta ce tun a tasha sun ga gefen tayar ya kumbura kamar maruru. Ishaya da kansa ya nuna wa direba. Direba ya ce, "Za ta kai mu." Kowa ya ce Allah ya kiyaye, aka shiga. Baiwar Allah ta faɗa ne don in san mijina mai lura ne. Ba ta san ƙaya ta soka mini a zuciya ba. An gani! An gani da ido, aka shiga!

Daga ranar na tsani mota. Ta Ishaya tana nan a rumfar gidanmu kusa da buhunan shinkafa, ko kallonta ba na son yi.

To, ga Alheri, ita kaɗai Allah ya bar mini, kuma tana da sikila. Wadda ba ta taɓa jinyar mai sikila ba, Allah kada ya nuna mata. In ciwon ya tashi, ƙashinta kamar ana sara da gatari. Sai in tare ɗan kabu-kabu, in sa ta a tsakiya in rungume. Kowane rami muka faɗa sai ta ƙwalla ƙara. Wata rana muna sauka a ƙofar asibiti ta dube ni, leɓenta duk ya bushe, ta ce, "Mama, motar Baba fa? Ita ma ta mutu ne?"

Na koma bayan ɗaki na yi kuka har na gode Allah.

Shi ne na je wurin maƙwabcinmu Baba Manu. Bafulatani ne, tsohon direba, ya yi shekara da shekaru yana jigila tsakanin nan da bakin iyaka kafin ya ajiye. Musulmi ne, amma tun rasuwar Ishaya ya riƙe mu kamar 'ya'yansa. Na ce ya koya mini tuƙi in je in yi gwaji in karɓi lasin. Ya ce to, amma ba zan taɓa sitiyari ba sai na iya duba mota.

Ya koya mini in durƙusa in leƙa ƙarƙashinta, ko wani abu ya ɗiga, ko ɗan akuya ya shiga shan inuwa. In bi tayoyi ɗaya bayan ɗaya, in ga iska, in ga ko sun suɗe ko sun kumbura, har da safaya. In ɗaga murfin inji in zaro sandar baƙin mai in goge in mayar in sake dubawa. In duba ruwan lagireto tun inji yana da sanyi, in duba man birki a ɗan kofinsa. In na shiga, in gyara kujera da madubai, in ɗaura bel, in gwada fitilu da sigina da oda. Na ƙarshe, in taka birki in ji ya tsaya da tauri kafin mota ta motsa.

Ya ce, "Malama, mota ba ta magana, amma tana gwada alama. Ki zagaye ta so guda da ido buɗe. In kin ga abu, ki gyara. In ba ki ga komi ba, ki kira sunan Allah ki tahi."

Rabin farko na maganar nan na haddace shi sarai. Rabin ƙarshe ne ya gagare ni.

Sai in gama zagaye in zauna, in sa makulli, sai wata murya ta ce mini, kin tabbata kin duba tayar baya da kyau? Sai in fito. In sake zagayawa. In dawo in zauna, sai ta ce, murfin inji fa, ya rufu? In sake fita. Hannuna yana karkarwa, gumi yana bin bayana. Ina ta kewaya mota kamar kaza mai neman wurin yin ƙwai, rana tana yi, Baba Manu yana zaune a kujerar gefe har ya fara gyangyaɗi. Akwai ranakun da ko inji ba mu tayar ba.

Ran nan ya gaji ya ce, "Malama, mi kika biɗa kuma? Motag ga lahiya lau take. Zuciyakki ka son gyara, ni kau ba ni da sifanar kwance ta."

Gaskiya ya faɗa. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Ina zuwa sujada, ina rera waƙa tare da ku, amma a raina na daina yarda cewa Allah yana tsare kowa a hanya. In yana tsarewa, ina yake ranar Ishaya? Haka nake tambaya, ban ɓoye muku ba. Na ɗauka idona ne kaɗai ya rage tsakanin Alheri da kabari.

Da jan ƙafa da komai dai na iya tuƙi, aka sa mini ranar gwaji a Birnin Kebbi. Muka haɗa da ranar da Alheri za ta ga likitanta a can, don jininta ya yi ƙasa. Bulus, ƙanin Ishaya, shi ne zai ja mu, tunda ni mai koyo ce, ba zan hau babbar hanya ba.

Da safe Alheri ta riga kowa shiga mota da filonta. Bulus ya zo yana tsokanata kamar yadda ya saba. "Matar yaya, yau zagaye nawa za mu yi? A taimaka a rage mana, hanya da nisa."

Na durƙusa na leƙa. Can wajen tayar baya, ta gefen buhunan shinkafa, ƙasa ta jiƙe, wuri kaɗan, bai fi tafin hannu ba.

Na ce, "Bulus, zo ka gani."

Ko sunkuyawa bai yi ba. "Fitsarin akuya ne."

Na sa yatsa na taɓa. Yana da santsi. Fitsari ba ya santsi. Na ɗaga murfin inji, man birki ya sauka ƙasa da layin da na saba ganinsa. Na shiga na tayar da inji na taka birki na riƙe. Da farko ya tsaya, sai na ji yana nutsewa a hankali ƙarƙashin ƙafata har ya kusa taɓa ƙasa.

Na kashe mota na zare makulli na ce ba inda za mu.

Bulus ya fusata. Ban ga laifinsa ba, sau nawa na tsayar da shi a rana kan abin da babu? Ya ce, "Haba Maman Alheri! Wata da watanni kina ganin abin da babu shi. Tsoron gwaji ne kawai. Birki ai famfo ake yi masa sai ya kawo. Mu sayi mai a tasha mu ƙara. Za ta kai mu."

Jama'a, kun ji abin da ya ce? Bai san labarin matar Bahindi ba, ban taɓa gaya masa ba.

Amma abin da ya fi yi mini ciwo ba na Bulus ba ne. Alheri ce ta leƙo ta taga, idonta ya yi ɗorawa, ta ce, "Mama, yau ma? Don Allah yau kaɗai ki bari." Maƙwabta sun fara leƙowa. Na ji wata tana cewa Mai Zagaye ta tashi.

Ni kaina a lokacin ban yarda da kaina ba. Idan tsoron nan ne ya sake shigo mini da sabuwar riga fa? Idan na hana yarinya ganin likita a banza, ciwo ya kayar da ita, me zan ce? Idan kuma na miƙa makulli, birki ya ƙi a gangaren gada?

Nan na zube a gwiwa a gefen taya, a gaban kowa, yatsana da maiƙo. Ba wata addu'a mai tsari na yi ba. Na ce, "Yesu, na gaji. Ban san muryarka ba, ban san ta tsoro ba, duk sun cakuɗe mini. Ka raba mini su. In tsoro ne ka cire shi in ba da makullin nan. In kai ne kake nuna mini, ka ba ni ƙarfin tsayawa ko duk garin nan zai yi mini dariya."

Ban ji murya daga sama ba, ba zan yi muku ƙarya a ɗakin Allah ba. Abin da ya faru shi ne na buɗe ido na dubi hannuna, ba ya karkarwa. Kullum in tsoro ya zo, cewa yake koma ki sake dubawa, ba ya taɓa ƙoshi. Ranar nan ko kaɗan ban ji ina son sake dubawa ba. Na gani, na taɓa, na taka, magana ta ƙare. Rabona da irin wannan natsuwa tun kafin a kawo mini gawar mijina. Halleluya!

Na miƙe na ƙulle makullin a bakin zanena na ce, "Bulus, kira bakanike. In ya ce lafiya take, in durƙusa in ba ka haƙuri a gaban mutanen nan."

Bakanike ya zo ya sa jak ya cire tayar. Ya miƙa hannu ya lanƙwasa robar da man birki yake bi, mai ya tsarto. Ɓeraye ne. Shinkafa ta jawo su rumfa, suka gwagwiyi robar har ta kusa hudewa gaba ɗaya. Ya ce, "Wagga ai birki guda mai ƙarhi taka jira. Da shanu sun gitta muku kun taka, shi ke nan."

Bulus ya daɗe yana kallon robar nan. Shi ne fa ya je ya ɗauko gawar yayansa ranar hatsarin. Sai ya zauna a ƙasa daɓas, ya rufe fuska da hularsa, kafaɗunsa suna rawa. Ba wanda ya nemi wani ya ba da haƙuri. Na zauna kusa da shi muka yi kukanmu.

Gwaji ya wuce ni ranar, aka sake sa wata rana, likita ma haka. Muka kwashe shinkafa daga rumfa. Da na je gwajin, mai gwajin ya ce in nuna masa abin da nake dubawa kafin tashi. Na nuna masa har ya ce ya isa haka, Malama. Sai dai ribas ya kayar da ni, na hau kan dutsen da suka ajiye. Sai a zuwa na biyu na samu lasin. Kada wata ta ce na ce Allah ya mayar da ni gwana.

Ainihin gwajina kuwa ba a Birnin Kebbi aka yi shi ba. Watan jiya ne, da tsakar rana. Na dawo daga makaranta na tarar da Alheri tana birgima a tsakar ɗaki. Bulus yana gona a Kurgu, Baba Manu ya tafi jana'iza. Na ɗauke ta na kwantar a kujerar baya.

Na leƙa ƙasa, a bushe. Tayoyi lafiya. Mai, ruwa, man birki, duk a layinsu. Na shiga na ɗaura bel na taka birki, ya tsaya da tauri. Sai muryar nan ta dawo, ai ba ta mutu ba, har yau tana leƙo ni. Ta ce, kin tabbata? Ɗiyarki ce fa a baya.

Na ce da ƙarfi, "Na duba. Abin da idona bai kai ba, Yesu, naka ne." Na sa giya muka fita.

A hankali na bi ramukan nan ɗaya bayan ɗaya, Alheri ba ta yi ƙara ko sau ɗaya ba. Bayan an sa mata ruwa ciwon ya lafa, ta kama hannuna ta ce, "Mama, yau ba ki sake zagayawa ba."

Ga ta can a benci na baya. Alheri, ɗaga hannu su gan ki.

'Yan'uwa, har yanzu ban san dalilin da ya sa Ishaya bai dawo ba, kuma sikila ba ta bar ɗiyata ba. Ku ci gaba da sa mu cikin addu'a. Amma na gode wa Allah da ya kwance ni. Ku da kuke koyon mota, ku duba ta kafin ku tashi. In kun ga abu, ku buɗe baki, kada kunya ko sauri su sa ku shiga don wani ya ce za ta kai ku. In kuma kun duba ba ku ga komai ba, kada ku tsaya kuna zagaye kamar ni. Ku miƙa hanyar ga Wanda yake ganin gabanta, ku tafi.

Ɗaukaka ta tabbata ga Yesu. Amin.