Muryar Baba a Kotu

A bencin jira na kotu a Garwa, Dela ta zauna kusa da wani dattijon mahauci da ba ta sani ba.

"Hajiya, lafiya? Me ya kawo ki kotu?"

"Shari'ar gidanmu na Jambutu ce. Abokin shari'ata ya kunna muryar mahaifina a waya, wai ya ba shi gidan kyauta."

"Kwantar da hankalinki. Wani lauya ya faɗa a rediyo, yanzu na'ura tana kwaikwayon duk muryar da aka taɓa ɗauka."

"Malam, Baba ya rasu shekara talatin ke nan. Ko a kaset ba a taɓa ɗaukarsa ba."

"To, ba shi ba ne."

"Shi ne. Da ya gama maganar gidan, sai ya yi tari, ya kira ni da sunan da shi kaɗai yake kirana da shi."

Mahaucin ya ja jikinsa zuwa ƙarshen benci.