Rawar Murya

A tashar Malumfashi, ana jiran motar Funtuwa ta cika, wani dattijo ya dubi budurwar da ke gefensa.

"'Yata, ba ke ce kika karanta labarinki a taron marubuta jiya ba?"

"Ni ce, Baba. Na so in sulale ba wanda ya gane ni."

"Ai kin iya. Wurin da ambaliya ta cinye masarar manomin nan, da muryarki ta kama rawa, sai da na share hawaye."

"Tsoro ne, Baba. A nan na ɗaga kai na ga yawan jama'a."

"Tsoro? Mu duk mun ɗauka tausayi ne."

Ta yi ajiyar zuciya. "Alhamdu lillahi. To, Baba, don Allah mu bar shi a tausayin."