Kiran da Na Katse Ina Riƙe da Sarakuna Biyu

'Yan'uwana cikin Almasihu, ina gaishe ku da sunan Yesu. Sunana Yohanna, kuku ne ni a gidan wani Alhaji a Nassarawa GRA. Ku yi haƙuri idan muryata ta yi rawa.

Da Shari'a ta zo Kano aka rufe gidajen caca, mutane suka ce an huta. Ashe cacar ba ta mutu ba, waya ta shige. Ɗan maigidana, Nazir, ya dawo daga karatu da wata karta da ake bugawa a intanet, wai foka. Yana tsoron mahaifinsa ya gani a wayarsa, sai ya same ni a kicin ina yanka albasa.

"Yohanna, kai ai Kirista ne, dokar nan ba ta hau kanka ba. Mu buɗe asusu da sunanka, ka riƙa buga mini."

Ni kuma, da ya kamata in ce Littafina ma bai yarda ba, sai na washe baki don ɗan masu gida ya san da zamana.

Ya koya mini ƙa'idojin. Kati biyu ake ba ka a ɓoye, a buɗe biyar a tsakiya kaɗan-kaɗan. Idan layi ya zo kanka, ko ka bi, ko ka ƙara, ko ka ajiye. Mai hannu mafi ƙarfi ke ci, ko wanda ya iya burga har sauran suka tsorata. Akwai kuma agogo: ka yi jinkiri, a zubar maka da katinka.

Nazir ya gaji ya bar ta. Ni ta riƙe ni. Miya na kan wuta ina bugawa. Ranar Lahadi ina zaune a bencin baya can, kaina a sunkuye, ku kuna zaton addu'a nake!

A lokacin, idan kira ya shigo wayata, intanet yankewa yake. Don haka na tsani kira kamar ciwon haƙori.

Wata rana da la'asar aka ba ni katin sarakuna biyu, hannu mai ƙarfin gaske. Na zuba duk abin da ke gabana. Sai ga kiran ƙanwata Rifkatu daga ƙauye. Na san Baba yana kwance ba lafiya. Na sani sarai! Na katse. Ta sake kira, na sake katsewa, har da tsaki.

Na ci wasan, 'yan'uwa. Ina murna na kira ta, sai na ji kuka a bayanta.

"Yaya, ina ka shiga? Baba ya ce a kira masa kai, yana da magana. Na kara masa wayar a kunne yana jira. Yanzu ya cika."

Na tafi jana'iza da fuskar ɓoye gaskiya da karta ta koya mini. Na ce wa kowa sabis ne ya ɗauke. Mahaifiyata, Inna, ta riƙa ba ni haƙuri, tana tsine wa kamfanin waya. Na dawo Kano na ci gaba da bugawa, domin idan na ajiye wayar, Baba nake gani da waya a kunne.

Da Kirsimeti na koma gida. Inna ta tara mu addu'ar safe. Ta ce, "Ya Ubangiji, na gode maka don Yohanna, yaron da bai taɓa yi mini ƙarya ba. Ka cire masa baƙin cikin abin da ba laifinsa ba."

Wayyo! Na kasa cewa amin. Na faɗi ƙasa ina ihu, "Yesu, ka cece ni, na gaji!" A gaban kowa na faɗi gaskiya. Daga wannan safiyar sha'awar karta ta mutu a raina, har yau ban sake taɓa ta ba. Halleluya!

 Daga baya Inna ta dafa kaina ta ce ta yafe. Na riƙe ƙafarta na ce, "Inna, me Baba yake so ya gaya mini?"

Ta ce, "Na tambaye shi. Ya ce ba tawa ba ce, taka ce. Ya tafi da abarsa."

Na gode wa Yesu da ya kwance ni, ya yafe mini. Amma kada in yi muku ƙarya, maganar nan ba zan ji ta ba a duniyar nan. Idan akwai wanda abin nan ya ɗaure a cikinku, kada ka jira ka yi asara irin tawa kafin ka kira sunansa. Ka dogara gare shi yau, yana da ikon kwance ka. Ɗaukaka ta tabbata ga Ubangiji. Amin.