Hutun Watan Maris

Kuɗin motar da ya kai ni Ikko na maraƙin Yaya Hajara ne. Ranar Juma'a ta sa aka kai shi kara nan Wudil aka sayar, ta kwance bakin zani ta miƙo min, ta ce, "Sule, tafi, kowa samu yake a can." Lokacin naira ba ta daɗe da fitowa ba, tsofaffi fam suke cewa har sannan. Kai Nura, matso kusa, tunda kai ne mai ɗokin aikin kamfani.

Wanda ya tarbe ni Ɗanlami ne, mutumin Kausani, ya girme ni nesa, ya daɗe a can. Shi ya shigar da ni wani kamfanin gine-gine, muna dakon siminti. Ku ba ku ga siminti ba. Jirage ne jere a kan ruwa suna jiran a sauke, mu ko muna sauka aiki fari fat, ka yi kaki ka ga toka. Amma fa ana biya. Har rediyo na saya, da agogon da ban iya dubawa ba.

Ɗaki muka kama ni da shi a gidan wata Bayarabiya, Iya muke ce mata. Matar nan bala'i ce. Janairu na kamawa za ta tsaya bakin ƙofa da hannu a ƙugu.

"Mala, kuɗi shekara!"

"Iya, a bari a yi albashi mana."

"Ba albasi! Yau, ko ka kwasa kaya!"

Kafin ita kuma akwai 'yan haraji. Ƙarshen shekara suke tare hanya, su tsayar da mota su ce kowa ya fito da "risiti". Karon farko na zaro rasit ɗin dagacinmu na Indabo ina taƙama. Mutumin ya juya shi ya ce wannan na garinku ne. A rana aka zaunar da mu kamar ɓarayin awaki har sai da Ɗanlami ya zo ya biya. Daga nan na haddace shekarata: da kaka in aika harajin gida kada a ci mutuncin mahaifina, Disamba harajin Ikko, Janairu Iya. Ban taɓa saɓa ko ɗaya ba.

To, akwai wani kuɗi da ake yanka mana duk albashi, wai ajiyar tsufa. Suka ce in mutum ya daɗe, ran da ya bar aiki za a ba shi garatuti, sannan fansho. Ɗanlami bakinsa bai iya ba, fansa yake cewa. Mu yi ta dariya, shi ko ya ce, "Ku yi dariyarku, ita za ta fanshe mu." Har ya zaɓi inda zai kafa injin niƙa a Kausani.

Sannan ga hutu. Duk shekara watan Maris na shiga, sai fomanmu, mai kula da aiki, ya tara leburori ya ce Oga ya ba mu hutun wata guda, ga shinkafa, ga kuɗin mota, kowa ya je ya ga iyali, a dawo Afrilu. Wallahi albarka muke sa musu. Mu dawo gida a ce kamfanin su Sule akwai tausayi. A irin hutun nan na auri gwaggonku.

Shekara tara ina haka, Ɗanlami ya fi. Sai kuɗi ya fara janyewa a ƙasa, aka tsayar da gine-gine, muka ji Oga na haɗa kaya. Lokacin tari ya riga ya kama Ɗanlami, simintin ya cinye masa ƙirji, sai na riƙe shi muka hau benen ofis. Akawun ɗan Kudu ne amma a Kano ya tashi, Hausarsa tas.

Ɗanlami ya ce, "Ranka ya daɗe, mun zo karɓar fansarmu."

Akawun ya buɗe littafi, ya duba ya duba, ya ce, "Baba, ai ku kajuwal ne."

Na ce, "Mene ne kuma kajuwal?"

"'Yan wucin gadi. Shekarar kamfanin nan ƙarshen Maris take rufewa. Wanda sunansa ke cikin ma'aikata a ranar, shi ake aika wa gwamnati sunansa, shi ke da ajiya. Ku kuwa farkon Maris ake sallamarku, Afrilu a ɗauke ku sababbi."

"Hutu ne fa aka ba mu!"

"Sallama ce, Malam."

"Shekara tara nake ɗaukar simintinku!"

Ya ƙi haɗa ido da ni. Ya ce, "A nan ba ka taɓa cika shekara ɗaya ba."

Na tambayi kuɗin da ake yanka. Ya ce shi ma bai san inda ya shiga ba. Na ɗaga murya, na buga tebur, masu gadi suka sauko da mu. Ɗanlami ya saki hannuna. A ƙasan bene ya zauna yana haki, can ya ce, "Sule, ashe da bakinmu muka yi ta musu godiya."

Bai kai damina ba. A ɗakin nan ya cika, kansa a cinyata. Kun san wa ya sayi likkafani? Iya. Ta aje a bakin ƙofa tana kuka tana zagin kamfani da yarensu.

Na dawo a bayan motar shanu da ta sauke kaya, da jakata da tasa, ga ciwon bayan nan da kuke gani har yau. Da muka hau gadar Wudil na rufe fuska da hula kada wani ya gane ni.

Washegari na kai wa matarsa Indo jakar. Na faɗa mata komai, ban rage ba. Ta saurara har na gama, ta ce, "A'a, Malam bai taɓa yi min ƙarya ba. Ya ce za a biya." Daga nan duk rani sai ta tako tun daga Kausani, mu gaisa, ta sha ruwa, ta ce, "Sule, an saki kuɗin?" In ce ba a saki ba. Ta ce to, Allah ya kai mu baɗi. Haka ta yi ta zuwa har ƙafa ta gaza, sai ta koma aiko jikarta.