Sunan Jirgin Knollwind

A rumfar masu tura fim a Tudun Wada, wani dattijo, Malam Salmanu, ya miƙa wayarsa.

"Sa min ci gaban fim ɗin jirgin nan mai yawo cikin taurari, Kinolwind."

Linus, wani saurayi da ke bayansa a layi, ya ce, "Baba, Nolwind ake cewa. Turawa ba sa furta harafin farkon."

"To don ado suka rubuta shi?"

"Saurari kyaftin ɗin jirgin, za ka ji."

"Na sha ji, ɗana. Ni ba kurma ba ne."

"To me ya sa kake ɓata sunan?"

"'Yata Bahijja tana aikin jinya a Ingila, ba dangi kusa. In ta kira, daga gaisuwa sai shiru, shi ya sa na fara kallon abin da take kallo. Ranar da na ce Kinolwind, ta yi dariya har da tari. Rabona da jin dariyarta tun tafiyarta. Ba zan gyara ba."

Linus ya sunkuyar da kai. "Ni tun Kirsimeti ban kira mahaifina ba."

"To me kake jira? Kira shi yanzu, zan tsare maka layi."