Farfesa Trewin da Lauyan da Ya Tsamo Daga Ruwa

Mai girma Shugabar Jami'a, shugaban wannan taro, malaman Tsangayar Injiniya, 'yan ƙungiyar tseren jiragen ruwa ta Hobart da kuka ara mana zaurenku, uwargida Noelene Trewin, ɗalibai na da da na yanzu, har da waɗanda ya kayar a jarrabawa amma suka daure suka zo, barkanmu da yamma.

Sunana Bronwyn Kerslake. Ɗalibar Farfesa Alistair Trewin ce ni kafin na zama abokiyar aikinsa, kuma ni ce mai ja masa igiya a jirginsa na ruwa mai tafiya da iska kowace Asabar. Ina godiya ga waɗanda suka shirya wannan taron sallama, musamman da suka hana shi makirufo sai na gama.

Aikinsa na injiniya ba sai na faɗa ba. Ya koya mana yadda gishirin teku ke cin ƙarfe, ya koya mana a aji, ya koya mana a mota, ya koya mana a wurin bikin aurena.

Abin da matasanmu ba su sani ba shi ne yadda ya zama lauya. Shekarun baya wata gadar sauke kifi ta rufta a wani ƙauyen masunta, mutum biyu suka rasu. Aka kira shi kotu ya ba da shaida. Lauyan kamfanin da ya gina gadar, Des Hannaford, ya tambaye shi: "Farfesa, ka ga ƙarfen nan yana tsatsa da idonka? E ko a'a."

Ya ce, "Ai lissafi ya nuna..."

"E ko a'a."

Ya ce a'a. Iyalan mamatan suka koma gida hannu wofi. Ranar na tarar da shi a ofis ya zuba wa bango ido. Ya ce mini, "Bronwyn, gaskiya na sani, faɗarta ce ban iya ba."

Da furfurarsa ya shiga ajin koyon shari'a, ya zauna cikin sa'o'in 'ya'yansa, ya addabi malamansu da tambaya. Da aka sake buɗe shari'ar ya koma kotu ya tsaya, kuma a wannan karon ba a iya rufe masa baki ba. Iyalan suka sami hakkinsu.

Sai batun tuƙi. Jama'a, ba wanda ya kai shi sanin dokokin tsere, ba kuma wanda ya kai shi zuwa na ƙarshe. Yana cikin yi mana bayanin yadda iska ke tura jirgi, iskar za ta tura na wasu su wuce mu.

Wata Asabar cikin hunturu, ban san yadda aka yi ba, sai ga mu a gaba. Muna hango ƙarshen tsere, na waiwaya na ga kan mutum yana nitso yana tasowa. Ya faɗo daga wani jirgi, abokansa sun kasa juyowa. Farfesa bai yi lacca ba, bai kawo doka ba, ya juya jirgi kawai. Muka jawo mutumin, leɓɓansa sun yi shuɗi, jikinsa na kakkarwa. Des Hannaford ne.

Farfesa ya tuɓe rigar sanyinsa ya lulluɓe shi, ya ɗura masa shayi mai zafi, ya riƙe shi har numfashinsa ya daidaita. Sannan ya sunkuya ya ce, "Des, ruwan da sanyi? E ko a'a."

Des ya ce, "Alistair, don Allah mayar da ni ciki."

Mu ne na ƙarshe a ranar, kamar kullum. Ga Des can kusa da taga, ku tambaye shi. Tun daga lokacin tare muke fita, suna musu, ina jan igiya.

Farfesa, ka gina mutane fiye da yadda ka gina gadoji, kuma za mu yi kewarka. Mun ji kai da uwargida za ku tuƙa har tsibiran Vanuatu. Allah ya ba ku iska mai daɗi da teku mai kwanciya, Allah ya mai da kowa gidansa lafiya, Allah kuma ya sa Noelene ce za ta riƙe sitiyari.

Na gode da kuka saurare ni.